Idan Mutum Ya Suma: Abin Yi Daga Inda Ya Faɗi Har Zuwa Gaban Likita

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama a Gombe, tambaya kan suma takan yi ta shigo mini. Wata ta ce 'yarta ta zube ana tsaye a asambulin makaranta. Wani ya ce mahaifinsa ya tashi fitsari cikin dare, sai ƙarar faɗuwarsa aka ji a bayi. Wani kuma na kusa da shi ne ya sulale a sahun Juma'a, can waje inda rumfa ba ta kai ba. Abin da suke son ji ɗaya ne: me ake yi a wurin, kuma wane suma ne ake iya kwana da shi a gida, wane ne ba a kwana.

Suman da nake nufi shi ne jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci, mutum ya fita hayyacinsa ya faɗi, sannan ya farfaɗo da kansa, yawanci kafin minti ɗaya ya cika, ya kuma gane mutanen da ke kansa. Akasarinsa ba shi da haɗari. Amma kaɗan daga ciki zuciya ce ke kawo shi, ko jinin da ke zuba a cikin jiki ba a gani, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Tsamo wannan kaɗan ɗin shi ne aikin.

1. Tare shi tun bai kai ƙasa ba

Suman da aka fi gani kamar baƙo mai ladabi yake, ba ya shigowa sai ya yi sallama. Jiri ne ke fara zuwa, gani ya yi dishi-dishi ko duhu ya rufo daga gefen ido, kunne ya yi ɗif, maganar mutane ta koma can nesa. Sai zufa mai sanyi ta karyo, zuciya ta tashi, a yi ta hamma, gwiwa ta saki. Wanda ke gefe zai ga leɓe ya koɗe, mutum ya daina amsa magana da kyau.

Daga nan 'yan daƙiƙoƙi ne suka rage maka. Ka kwanta a inda kake, ko da a ƙasa ne. In babu wurin kwanciya ka tsuguna, ko ka zauna ka sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. In cunkoso ya hana ka motsi, ka harɗe ƙafafu ka matse cinyoyi da ciki da ƙarfi, ko ka sarƙe yatsun hannayenka biyu ka ja kamar za ka raba su. Matse tsoka na turo jinin da ya taru a ƙafafu ya koma sama.

Hattara: kalmar da ta fi fasa wa mutane kai ita ce "bari in fita in sha iska". A kan hanyar ƙofa ake faɗuwa, a bugi bakin dakali ko matattakala. Kunyar a gan ka kwance a ƙasa ba ta kai ɗinki a goshi ba. Mai Keke ko ɗan acaba ya faka nan take, kada ya ce sai ya sauke fasinja. Mace a gaban murhu ko kaskon suya ta ja baya tukuna, sannan ta zauna.

2. Minti na farko bayan ya faɗi

Kafin komai, wani ya kalli agogon waya. Mutumin da ya ruɗe ba ya iya ƙiyasta lokaci. Suman daƙiƙa 20 sai ka ji an rantse an ce ya yi minti goma, kuma likita zai tambaya.

A kwantar da shi rigingine a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa kamar santimita 30, a kan benci ko buhu, ko wani ya riƙe su. A sassauta wuyan riga da bel da tazuge. In mace ce, 'yan'uwanta mata su sassauta hijabi ko niƙabi ta wajen wuya, a kare ta da mayafi daga idon jama'a. A kori 'yan kallo, a yi masa fifita. Sannan ka kai kuncinka kusa da hancinsa, idonka a kan ƙirjinsa, ka duba numfashi na daƙiƙa 10.

Mai tsohon ciki ba a kwantar da ita rigingine, a kan ɓarin hagu ake kwantar da ita, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Wanda ya faɗo daga tsani ko babur, ko ya bugu a ka sosai, kada a lanƙwasa masa wuya, kada a ɗauke shi caɗak.

A nan ne kurakurai suka fi yawa, kuma duk da kyakkyawar niyya ake yin su. Kada a zaunar da shi, kada a jingina shi da bango. Faɗuwar ita ce ke mayar da jini kai. In ka miƙar da shi ka tsawaita suman. Kada a ɗura masa komai a baki, ruwa ne, madara ce, manja ne, zuma ce ko rubutu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya daidai, abin huhu yake wucewa. Kada a cusa cokali tsakanin haƙora, kada a mare shi, kada a banka masa hayaƙi ko barkono a hanci. Yayyafa ruwa a fuska ba laifi ba ne, sai dai ba shi ke farfaɗo da mutum ba, lokacin ne ya yi. Addu'a kuwa a yi ta, baki na yi hannu na riƙe da ƙafa.

3. In bai farfaɗo ba

Idan yana numfashi amma minti biyu sun wuce bai buɗe ido ba, an bar batun suman yau da kullum. A juya shi ya kwanta a gefe, gwiwar sama a lanƙwashe, baki na kallon ƙasa don amai ko yawu ya zubo waje. A nemi mota, a kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa, amma kada a zauna jira in akwai abin hawa a kusa. A kwance za a ɗauke shi. Cusa sumamme a zaune tsakanin mutum biyu a bayan Keke ko kan babur kuskure ne babba.

Idan ba ya numfashi, ko yana jan numfashi ɗaya-ɗaya da kakari, zuciya ce ta tsaya. Kada a yi saurin ja masa zani a rufe. A kwantar da shi a ƙasa mai tauri, ba katifa ba, ka ɗora tudun tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Aiki ne mai gajiyarwa, don haka a yi karɓa-karɓa duk minti biyu, kada a tsaya har a miƙa shi hannun ma'aikatan lafiya ko ya motsa.

Wasu abubuwa na kama da suma alhali ba shi ba ne. Mai ciwon suga da ke shan magani irin glibenclamide ko yake allurar insulin, in ya yi zufa sharkaf ya ruɗe ya faɗi, a ɗauka sugansa ne ya sauka, a gaya wa nas haka tun daga bakin ƙofa. Wanda ya wuni aiki a rana, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, shi ne wanda ruwa zai yi wa amfani: a jiƙa jikinsa gaba ɗaya, a yi ta fifita ana tafiya asibiti. In kuma mutum biyu ko uku ne suka galabaita a ɗaki ɗaya da ciwon kai da amai, a duba janareto a kusa da taga, ko kaskon gawayi da aka shigo da shi lokacin hunturu. A fitar da kowa waje, a kai kowa asibiti har wanda ya ce ya ji sauƙi. Jijjigar da ta kai minti biyar ba ta tsaya ba ita ma ba a jira da ita.

4. Bayan ya buɗe ido

Abin da zai fara yi shi ne yunƙurin tashi, musamman babban mutum da ya ga jama'a a kansa. A lallashe shi: "Sannu Baba, ku ɗan dakata, kada ku tashi tukuna." Ya yi minti 10 zuwa 15 a kwance, ya zauna na ɗan lokaci, sannan ya miƙe ana riƙe da shi. Saurin tashi ne ke kawo suma na biyu.

Yana kwancen ka tambaye shi sunansa, ina yake, yau wace rana. Ka ce ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu tare. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi tashi, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti kai tsaye. Ka shafa ƙeyarsa, ka duba harshe da haƙora da kafaɗa.

Sai ya zauna daram yana magana sarai za a ba shi abin sha. Wanda ya sha fama da zawo ko amai ko zufa, ORS ya fi masa ruwa zalla. Mai lita ɗaya ana narka shi a ruwan ledar fiya wata guda biyu, amma a duba rubutun jikinsa. Mai ciwon suga a ba shi ƙwayar sukari uku zuwa huɗu ko rabin kwalbar lemo, a biyo da abinci. Ranar nan kada ya yi tuƙi, kada a bar shi shi kaɗai.

5. Tattara labarin tun bai gurɓace ba

Wannan matakin ne aka fi rainawa, kuma a ganina shi ne ya fi kowane gwaji daraja. Lokacin da za ku isa asibiti mutumin ya warware, awo na iya fitowa lafiya lau, abin da ya rage wa likita shi ne bakin wanda ya gani. Ka samu shaida guda mai natsuwa, ka rubuta a takarda ko ka naɗi muryarsa a waya. In abin yana maimaituwa, ɗaukar bidiyo ba rashin tausayi ba ne, muddin akwai mai kula da marar lafiyar kuma ba za a watsa shi a WhatsApp ba.

Tambaya ta farko: me yake yi daidai lokacin? Doguwar tsayuwa a rana ko cikin cunkoso, ganin jini ko allura, zafin ciwo, mummunan labari, duk suna sa jijiyoyin jini su saki, bugun zuciya ya yi ƙasa na ɗan lokaci. Wannan shi ne suman da ya fi yawa, ya fi kama matasa, kuma shi ne mai sallama. Danginsa ne suman da ke zuwa wurin fitsari, musamman ga magidanci da ya tashi daga barci ya tsaya a bayi, ko wurin yunƙurin bayan gida, ko tari mai turnuƙewa.

In kuwa daga kwance ko daga dogon zama ya miƙe zumbur sai ya zube, awon jininsa ne ke faɗuwa in ya tashi. A nan sai a bi sawun ruwan jiki da jini da magani. Ya yi zawo ko amai? Yana azumi cikin zafi? Jinin al'ada na zuba da yawa? Bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin da ƙarni? Wannan na ƙarshe alamar gyambon ciki ne da ke zubar da jini, kuma masu haɗiyar diclofenac da ibuprofen da haɗin kemis kullum saboda ciwon jiki su ne a sahun gaba. Sai magunguna: na hawan jini, musamman in an sauya ko an ƙara kwanan nan, masu sa yawan fitsari irin Lasix, na kumburin mafitsarar dattawa irin tamsulosin, da maganin ƙarfin maza, na kemis da na gargajiya da ba a san me aka zuba ciki ba. Ba kowa ke faɗin wannan a gaban iyali ba, don haka a bar shi ya keɓe da likita.

Irin suma na uku shi ne wanda ake tsoro. Ya suma yana tsakiyar gudu a filin ƙwallo, ko yana ɗaukar kaya, ko yana hawan bene? Ya suma yana zaune ko yana kwance, ba tsayuwa ba rana? Ya faɗi rijif babu jiri babu komai? Ya ji zuciyarsa na dukan uku-uku ko ƙirji ya riƙe kafin ya faɗi? Waɗannan na nuna zuciya: bugunta ya rikice, ya yi saurin da ya wuce kima ko ya yi jinkiri ƙwarai, ko wata ƙofarta ta tsuke, ko tsokarta ta yi kauri ko rauni. A lura da bambanci: wanda ya gama gudu ya tsaya cak sannan jiri ya ɗebe shi, sau da yawa mai sauƙin ne, wanda ya zube yana cikin gudun, zuciya ake zargi har sai an wanke ta. A kuma tambayi tsofaffin gida ko akwai wanda ya rasu farat ɗaya bai kai shekara 40 ba, yana barci ko yana wasa ko yana wanka a kogi.

Sannan yadda abin ya kasance. Mutane da yawa na ganin 'yar fizga sai su yanke hukuncin farfaɗiya, alhali mai suma ma yakan yi fizga kaɗan, ta 'yan daƙiƙoƙi, bayan ya faɗi, har fitsari na iya kuɓuce masa. Abin da ya fi nuna farfaɗiya shi ne jijjiga mai tsari da ta kai minti ɗaya ko fiye, cizon harshe ta gefe, da kuma farkawa cikin ruɗu da barci mai nauyi na tsawon lokaci. Ko da ita ce, yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwo, babu dalilin gudu a bar shi kusa da wuta ko ruwa.

Ƙaramin yaro da ke shiɗewa in ya yi kuka mai tsanani, daga wata shida zuwa wajen shekara shida, yawanci yakan bari da kansa, amma a auna jininsa, domin ƙarancin jini na ƙara shi. 'Yammatan makarantar kwana da ke zubewa kuma, kafin a tsaya kan cewa iska ce, a tambaya ko sun karya kumallo, ko jinin al'ada na yi musu yawa, da tsawon tsayuwar da suka yi. Ruƙiyya da awon jini ba sa faɗa da juna.

6. Yanke shawara: yanzu, cikin mako, ko a gida

A tafi ɓangaren gaggawa yanzu, ko da ya ce ya warke sarai, in akwai ɗaya daga cikin alamun zuciyar da na lissafa, ko an san yana da ciwon zuciya, ko akwai ciwon ƙirji, haki, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, baƙin bayan gida ko aman jini, rauni a ka, zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko ya suma sau biyu a yini guda. Dattijon da ya haura 60 shi ma kada a kwana da shi, musamman in wannan ne karon farko.

Mata biyu nake so a riƙe da kyau. Wadda al'adarta ta yi jinkiri, mara na ciwo, wani lokaci har kafaɗa na amsawa, sai ta suma: a ɗauka ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, har sai gwaji ya ce ba haka ba. Jinin a ciki yake zuba, awanni kaɗan na iya raba ta da rai. Sai mai jego ko mai cikin wata tara da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo. Raunin zuciya na bayan haihuwa sananne ne a Arewacin Najeriya, kuma yana iya bayyana har watanni bayan suna. Kada a ce gajiyar wankan jego ce kawai, ko da yake ruwan zafi sosai shi ma yana sumar da mai ƙarancin jini.

Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, amma karon farko ne, ko abin na dawowa, ko yana shan maganin hawan jini ko na suga, ko tana da juna biyu, ya ga likita cikin kwana biyu ko uku. Wanda za a iya bari a gida shi ne matashi mai lafiya da aka taɓa dubawa aka tabbatar masa irin mai sauƙin ne, dalilin a fili yake, ya kuma dawo garau.

7. Kayan tafiya da inda za a nufa

A tafi da shaidar, ko a tabbatar wayarsa na kunne. A kwashi duk magungunan da yake sha a leda ɗaya da kwalayensu, har na gargajiya da na ɗigawa a ido. "Wani fari ne ƙarami" ba ya taimakon likita da komai. A haɗa da tsohon katin asibiti, tsofaffin sakamako, da katin inshorar lafiya na GoHealth ko na NHIA ga mai shi.

Awon jini da na suga da gwajin ciki ana samunsu a asibiti mafi kusa, kuma wanda ke Kumo ko Bajoga ko Kaltungo ko Dukku ya fara da na garinsu maimakon ya kama hanya da mutum a galabaice. In alamun zuciya ne, a nemi takardar turawa zuwa cikin Gombe, Asibitin Ƙwararru na Jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka, wanda har yanzu wasu ke kira FMC, inda ake samun likitocin zuciya.

8. A gaban likita

Bayan tambayoyi, za a ji bugun hannu, a saurari zuciya da huhu, a duba farin ido da tafin hannu. Sai awon jini sau biyu, kuma wannan ne ake yawan tsallakewa in layi ya yi tsawo. Marar lafiya zai kwanta minti biyar, a auna. Ya miƙe tsaye, abin awon na ɗaure a damtsensa, wani na tsaye a bayansa, a sake aunawa bayan minti ɗaya da bayan minti uku. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, an samu bakin zaren. Misali, Hajiya na kwance an samu 140 bisa 85, ta miƙe ya koma 112 bisa 78 tana cewa ɗakin na juya mata: wataƙila maganinta ne ke buƙatar gyara, ba hoton kai ba. In a zaune kawai aka auna, ka roƙa cikin ladabi: "Likita, don Allah ko za a auna ta a kwance da a tsaye? Da ta miƙe ne ta faɗi."

Sai ECG, wato gwajin bugun zuciya, wanda ya kamata a yi wa duk wanda ya suma aka kawo shi bincike. Wayoyi goma ake maƙalawa a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, 'yan mintoci ne, ba zafi, ba ya jan mutum da wuta. Mace na iya neman mace ta yi mata. Ka ɗauki hoton takardar da waya, domin rubutunta na dusashewa. Hattara: ECG mai kyau bai wanke zuciya ɗari bisa ɗari ba, don rikicewar bugu na zuwa ta tafi. In labarin na nuna zuciya, likita zai ƙara da eko, wato hoton zuciya irin na awon ciki, ko ya rataya maka na'urar Holter ka koma gida da ita na awa 24 zuwa 48, kana rubuta lokacin da ka ji wani abu.

Na jini kuwa gwargwadon labari ne: suga, PCV don ƙarancin jini, gwajin ciki ga duk macen da ke shekarun haihuwa, na maleriya in da zazzaɓi, na gishirin jiki da ƙoda ga mai shan maganin fitsari.

Ga maganar kuɗi. Awo biyun nan na kwance da tsaye ba sa cin komai bayan kuɗin kati. Suga da PCV da gwajin ciki su ne masu araha, ECG ya ɗara su, eko da Holter sun fi, hoton CT na kai ya fi kowanne tsada. Abin takaici shi ne iyalai kan fara da na ƙarshen, su sayar da akuya a yi hoton kai, alhali a suman da babu bugun kai, babu shanyewa, babu mugun ciwon kai, da wuya ya nuna komai. Haka gwajin EEG, mai duba aikin ƙwaƙwalwa, sai in farfaɗiya ake zargi. Ka tambayi farashi a wurin biya kafin a fara, ka karɓi rasit, kuma ba rashin kunya ba ne ka ce, "Likita, cikin waɗannan wanne ne ba ya jira?"

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a kai sumamme kemis, a rataya masa ledar ƙarin ruwa, a ce maleriya da taifot ne, a sallame shi. Ƙarin ruwa na da amfani ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare, amma ba bincike ba ne, kuma ga mai raunin zuciya yana iya cika masa huhu. Kafin ku bar asibiti ku ji amsar abu uku daga bakin likita: wane iri ne, zai iya tuƙi da komawa aiki, kuma me za a gani a dawo da gudu.

9. Bayan an san dalili

In mai sauƙin ne, yawanci ba a ba da magani. A sha ruwa sosai, wajen lita biyu a yini ko fiye lokacin zafi, sai dai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Kada a fita ba karin kumallo. A nemi inuwa a sahu, a riƙa motsa ƙafafu in tsayuwa ta yi tsawo, a gaya wa nas kafin allura ko ɗibar jini don a yi a kwance. Ƙara gishiri a abinci sai da izinin likita, kuma ba na mai hawan jini ba ne.

Mai faɗuwar awo ya koyi tashi hawa-hawa: ya zauna a bakin gado minti ɗaya yana motsa ƙafa, sannan ya miƙe yana dafe da wani abu. Dattijo ya yi fitsarin dare a tsugune ko a zaune, da fitila, ƙofar bayi ba a kulle ta ciki ba. Kada kowa ya ajiye maganin hawan jini da kansa don ya suma. A mayar wa likita ya rage ko ya sauya lokacin sha.

Azumi in ya faɗo cikin zafi, a yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, a rage zirga-zirgar tsakar rana, kuma kada a cika ciki a miƙe zumbur zuwa sallar asham. Mai ciwon suga ya ga likitansa tun Sha'aban don a gyara masa awon magani, ya riƙa gwada sugansa da rana. In ya sauka ƙasa da 70, ƙa'idar likitoci ita ce ya karya, kuma rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya sananne ne, ya tuntuɓi malaminsa.

In zuciya ce, magani na nan gwargwadon matsalar, har da 'yar na'urar da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji ga wanda bugunsa ke jinkiri. In likita ya ce irin na gado ne, a kawo 'yan'uwa na jini da 'ya'ya su ma a yi musu ECG. Direba, ɗan acaba, birkila mai hawa gini, mai haƙar rijiya da mai aikin injin niƙa, in sun suma babu sallama ko ba a gano dalili ba tukuna, su dakata da aikin har likita ya ba da izini, a samu ɗan'uwa ya riƙe Keken ko shagon kafin ranar komawa asibiti.